Apolo ya shiga ajina, iyaye sun fara ɗiga wa yara fitsari

Tambaya: Likita barka da aiki. Ni malama ce a wata firamare a ƙauyen Ringim, sati ɗaya kenan yara bakwai a ajina idonsu ya yi jawur, da safe kwantsa ta manne musu ido. Wasu iyayen sun ce kallon mai ciwon ke kawo shi, wasu har sun fara ɗiga fitsari. Hankalina a tashe yake, ya zan yi?

Amsa: Malama sannu da ƙoƙari. Da alama apolo ne, yawancinsa ƙwayar cuta ta bairos ke kawo shi kuma yana warkewa da kansa cikin sati ɗaya zuwa biyu. Hannu ke yaɗa shi ba kallo ba, yaro ya murtsuke ido ya taɓa ɗan'uwansa, ko su haɗa tsumman goge fuska, matashi, ko tandun kwalli ɗaya. Ki aje buta da sabulu a ƙofar aji, mai kwantsa ya zauna gida sai ta daina zuba. A dafa ruwa ya huce a goge da auduga, kowane ido da tasa, a yar.

Amma maganar fitsarin nan wallahi ita ke ci min rai. Don Allah ki tara iyayen ki faɗa musu su daina! Fitsarin babba na iya ɗauke da ƙwayar ciwon sanyi mai shi bai ma sani ba, kuma in ta shiga ido tana iya huda baƙin idon cikin kwana ɗaya ko biyu, ciwon da zai wuce da kansa sai ya koma makanta ta har abada, sannan a kawo mana yaro a ce likita taimaka bayan ido ya riga ya tsiyaye. Sai ka ji an ce ai wance ta yi ta warke. Dama can za ta warke, Allah ne ya kiyaye ta. Haka kuma kada a ɗiga nonon uwa, ruwan sikari, ruwan albasa, balle ruwan batir. Masu kemis ɗin da ke miƙa maganin ɗigawa mai sinadarin dexamethasone ba tare da an duba ido ba su ma su ji tsoron Allah, yana iya jawo hawan jinin ido.

Yaron da ganinsa ya dushe, ko yake kukan zafi sosai, ko ba ya iya kallon haske, ko fari ya fito a baƙin idon, ko mugunya take zuba da yawa, a kai shi asibiti ranar. Jariri kuwa ko ja kaɗan aka gani kada a kwana da shi a gida.