Kayan Gwari Ba Ya Kwana A Shago

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Mu matasa ne a Hotoro da ke Kano, muna da 'yar ƙungiya ta taimakon marayu. Na ga yadda a Amurka masu aikin sa kai ke zagaya gonaki da kasuwanni suna karɓar kayan lambu kyauta, su kai inda ake raba wa mabuƙata abinci. Muna so mu gwada a kasuwar 'Yankaba, har mun fara neman shagon da za mu riƙa tarawa. Ta ina za mu fara?

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanena, Allah ya yi muku albarka. Maganar shago dai ku jingine ta tukuna.

Abin da ka gani ya daɗe a can. Tun 1967 John van Hengel ya buɗe rumbun abincin sadaka a birnin Phoenix, a 1996 kuma Amurka ta yi dokar da ke kare wanda ya ba da abinci da zuciya ɗaya daga shiga shari'a. Faransa ma a 2016 ta hana manyan kantuna zubar da abincin da ba su sayar ba. Sai dai su suna da ɗakunan sanyi da motoci masu firji, wutarsu ba ta cika ɗaukewa ba. Kai kuwa a watan Afrilu, alayyafon da ka ajiye a shago da hantsi, kafin la'asar ya yi yaushi. Tumatir ya kwana ɗaya, washegari ƙuda ne za su yi maka maraba.

Ku fara daga tukunya, kasuwa ta biyo baya. Ku zauna da mai unguwa da liman su nuna muku gidajen, sannan ku tura mata biyu daga cikinku su shiga su tambayi uwar marayun abin da take dafawa. Wata kabeji ba zai amfane ta da komai ba, kuɓewa da tattasai take so. Wata kuma ko gawayi ba ta da shi. Duk abin da kuka ɗauko, ya zama kun san gidan da zai shiga kafin magariba.

A kasuwa kada ku bi rumfa-rumfa, za a ɗauke ku mabarata. Ku je wurin shugabannin 'yan gwari ku gabatar da kanku, su sa muku rana. Bayan la'asar ya fi, lokacin da mai kaya ya gane abin da ba zai kai gobe ba. Ku tafi da akwatunan roba masu huji, don kwando danne na ƙasa yake yi ya fashe. Ku tsince a nan take: tumatirin da ya ɗan fashe yau ana markaɗa shi a dafa, amma wanda ya yi fumfuna ko ya fara tsami, bola ce wurinsa. Wani zai so ya sauke muku shararsa da sunan sadaka. Ku ƙi karɓa cikin ladabi. Aya ta 267 a Suratul Baƙara ta hana mu ciyar da abin da mu kanmu ba za mu karɓa ba sai mun runtse ido.

Da rani, in tumatirin Kadawa da Kura ya cika kasuwa, za ku samu fiye da ƙarfinku. Ku yanka ku shanya a kan tabarma mai tsabta, ku tayar da ita daga ƙasa, ya zama kauɗa. Da damina, da kayan miya suka yi tsada, za a gode muku. Ga kuma dabarar marigayi Mohammed Bah Abba, malamin nan na Jigawa da ya ci kyautar Rolex a 2000: ƙaramar tukunyar ƙasa a cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakani, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Yalon da ke lalacewa a kwana 3 yakan haura mako uku a ciki, muddin iska busasshiya ce.

Don Allah ban da ɗaukar hoton marayu da ƙullin kayan miya ana sawa a Facebook. Kuɗin hayar shagon nan kuma ku mayar da shi kuɗin A Daidaita Sahu, don shi ne zai fara ƙare muku.