Amsa: maganaɗisun da ke fitowa a kiristal ɗin FeTe0.55Se0.45

Malam, ka ce kiristal ɗinka, haɗin ƙarfe (Fe) da teluriyam (Te) da seleniyam (Se), yana kai wuta ba tirjiya a ƙasa da kelbin 14 (kelbin ma'aunin zafi ne da ke farawa daga ƙarshen sanyi), amma awo yana nuna maganaɗisu, kana tambaya ko daidaiton juya lokaci ne ya karye, wato ko halin lantarkin cikinsa zai bambanta in da za a juya lokaci baya. A yi hattara tukuna.

Fara zargin rarar ƙarfe. Kiristal sabon toyawa kusan kullum yana da atam ɗin ƙarfe da suka maƙale tsakanin shimfiɗu, kowanne da ɗan maganaɗisunsa, suna raba tagwayen lantarki, wato ƙwayoyin lantarki da ke haɗuwa bibbiyu su kai wuta ba tirjiya. Ana rage waɗannan atam ɗin da gasa kiristal a wajen digiri 400 na Salshiyas cikin iskar oksijin kaɗan, ko cikin tururin teluriyam.

To, gasawar ma tana da nata sharrin: ƙarfen yana fitowa sama ya zama Fe3O4, wata irin tsatsa mai maganaɗisu. Duba awonka a wajen kelbin 120. In ka ga tsalle a nan, wannan tsatsar ce. Ɓare saman da salatif, ka sake awo.

In daidaiton ya karye da gaske, giɓi yana buɗewa a mahaɗar Dirak ta saman kiristal, wato inda matakan ƙarfin lantarkin saman suke haɗuwa, kuma awon dukan dunƙulen ba zai nuna maka shi ba. Sai ARPES (awon lantarkin da haske ke fiddawa daga saman) ko STM (na'urar duba saman atam-atam da tsinin allura), a kan sabuwar fuska da aka tsaga cikin sanyi inda babu iska.