Sakamakon GCSE bai yi armashi ba: ƙofar Oxford da Cambridge ta rufe ke nan?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana yana shekarar farko ta karatun A-level (karatun shekara biyu kafin shiga jami'a) a Ingila, burinsa ya shiga jami'ar Oxford ko Cambridge. Sai dai GCSE ɗinsa (jarrabawar da ake yi kafin A-level, mai maki daga 1 zuwa 9, 9 ne mafi girma) bai taka kara ya karya ba: a darussa uku kawai ya samu maki 7 zuwa sama, sauran duk 5 ne da 6. Yanzu ya dage, malamansa ma suna yaba masa. Mu ci gaba da sa rai, ko mu haƙura? Daga wani uba.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Malam, ƙofa ba ta rufe ba, amma da ka faɗa mana fannin da yaron yake so, domin a nan gizo ke saƙar.

Gaskiya ita ce yawancin waɗanda jami'o'in nan biyu ke ɗauka suna zuwa ne da 7 da 8 da 9 birjik. Duk da haka, Cambridge ba ta gindaya wani adadin maki na GCSE a matsayin sharaɗin shiga ba. Ta fi ba da ƙarfi ga abin da ɗalibi ke yi a yanzu. Oxford ta fi ta duba GCSE, amma tana auna shi da irin sakamakon da makarantar yaron ta saba fitarwa. Wanda ya ci 7 uku a makarantar da da ƙyar ake haye 4 ba ɗaya yake da wanda ya ci hakan a makarantar da kowa ke kwasar 9 ba. Bugu da ƙari, kason masu nema da Cambridge ke kira ganawa ya fi na Oxford yawa. Tunda ba a yarda ɗalibi ya nemi su biyun a shekara guda ba, mu a ganinmu Cambridge ta fi dacewa da ɗanka.

Idan likitanci yake so, maganar ta canza. Oxford na haɗa yawan manyan makin GCSE da sakamakon UCAT, jarrabawar shiga likitanci, wajen tace waɗanda za ta kira ganawa, kuma da irin makin da ka lissafa da wuya ya tsallake wannan siraɗin. Wasu makarantun likitancin ma haka suke yi, don haka sai ya bi ƙa'idar kowacce ya karanta kafin ya ɓata gurbi a kanta.

Abin da ke hannunsa yanzu shi ne makin hasashe na A-level da malamansa za su rubuta masa a darussa uku, inda A* ne maki mafi girma, sai A. Cambridge kan nemi A*AA a yawancin fannonin adabi da zamantakewa, da A*A*A a yawancin na kimiyya. Oxford kuwa daga AAA zuwa A*A*A. Malamai kan gina hasashen ne a kan aikin shekarar farko, musamman jarrabawar gwaji ta ƙarshenta. A nan yara da dama ke yin sake, suna ganin ai gwaji ne kawai. In hasashen ya gaza abin da ake nema, ga kuma GCSE mai rauni, babu abin da zai riƙe takardar.

Sai jarrabawar shiga, wadda ita ce babbar damar mai irin tarihinsa, tunda sabon ma'auni ne da ake ɗora kowa a kai: LNAT ga masu neman lauya, UCAT ga likitanci, TMUA ga irin su tattalin arziki da kimiyyar kwamfuta a Cambridge. Rajistarsu daban take da cike fom ɗin UCAS, hukumar da ake neman shiga jami'o'in Birtaniya ta hannunta. Fom ɗin ana rufe karɓarsa ranar 15 ga Oktoba, amma UCAT tun kafin nan an gama zana ta, rajistar wasu ma kan rufe da wuri. Wanda bai zauna jarrabawar da fanninsa ke buƙata ba ya kashe takardarsa da hannunsa. Ganawa a Disamba ake yi, amsa ta fito a Janairu.

Idan akwai dalilin da ya ja makin baya, kamar jinya ko rasuwa a gida, kada a bar shi a ciki. Makaranta ce ya kamata ta bayyana shi a takardar shaidar da take rubuta wa ɗalibi. Shi yaron kada ya cinye haruffa 4,000 na bayanin kansa da ake rubutawa a fom ɗin UCAS wajen ba da uzuri. Ya nuna abin da ya karanta a fannin bayan na aji, da abin da ya fahimta.

UCAS na ba da gurabe biyar, ɗaya kawai wannan neman zai ci. A sauran huɗun ya duba sharaɗin Turanci da lissafi na GCSE, domin wasu kwasa-kwasan 6 suke nema ba 4 ba. Ana iya sake zana waɗannan biyun a Nuwamba. In kuma malamai sun yi masa rowar hasashe, yana iya jiran sakamakon A-level a Agusta, ya nema a Oktoban da ke biye da makin da ya riga ya ci, ya shiga bayan shekara guda.