Shin Ƙungiyar AARP Tana Ba 'Yan Takara Kuɗin Kamfe?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. A Amurka nake zaune, na yi ritaya daga aikin jinya shekara uku ke nan. Tun da na cika shekara 50 nake biyan kuɗin ƙungiyar dattawa ta AARP. Kwanan nan surukina ya turo mini wani hoto a WhatsApp mai nuna wai ƙungiyar ta zuba wa 'yan takarar Dimokurat kuɗin kamfe, ya ce in yaga katina. Ni dai ba na son guminna ya shiga aljihun ɗan siyasa, ko na wace jam'iyya ne. Mene ne gaskiyar maganar?
Daga wata mai karatu a Amurka

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sa albarka a hutun. Dakata da yaga katin nan tukuna. AARP ba ta ba ɗan takara ko jam'iyya kuɗi, ba ta tsayar da kowa, kuma ba ta da kwamitin tara kuɗin siyasa irin wanda ake kira PAC. Ko da ma tana so ta bayar daga asusunta, dokar Amurka ta hana: tun 1907 aka haramta wa kamfanoni ɗebo kuɗi daga asusunsu su miƙa wa mai neman kujerar tarayya, haramcin kuma ya haɗa da ƙungiyoyi masu rajista irin tata.

To daga ina alƙaluman surukin naki suka fito? Ba lalle ne ƙirƙirarsu aka yi ba, kuma nan ne nake so ki natsu. A Amurka duk wanda gudummawarsa ga ɗan takarar tarayya ta haura dala 200, sai an kai rahotonsa Hukumar Zaɓe ta Tarayya, wato FEC. A takardar akwai gurbin suna, da adireshi, da sana'a, sannan da wurin aiki. Ki ɗauka wani akanta ne a ofishin AARP na Washington ya ciri dala 250 daga albashinsa ya ba wanda yake so. A gurbin wurin aiki zai rubuta AARP. Masu bin diddigin kuɗin siyasa irin su OpenSecrets sai su tattara duk masu irin wannan amsa su jera su ƙarƙashin sunan ƙungiyar, tare da bayanin cewa kuɗin na ɗaiɗaikun mutane ne. Mai ɗaukar hoto da waya kuwa yakan datse bayanin ya bar lambar. Gaskiya ne gudummawar ma'aikatan ta fi karkata ga Dimokurat, amma daga aljihunsu ta fito, kamar yadda ke ma da kin ba wani lokacin kina aiki, sunan asibitinku za a gani.

Akwai kuma ƙungiyoyin 'yan fansho da suke bayarwa a fili, shi ya sa ake yawan cakuɗa su. Kwamitin kare Social Security (tsarin fanshon gwamnati) da Medicare (inshorar lafiya ta gwamnati ga dattawa), wanda James Roosevelt, ɗan tsohon shugaban ƙasa Franklin Roosevelt, ya kafa a 1982, yana da PAC nasa. Haka ma Alliance for Retired Americans da ƙungiyoyin ƙwadago suka kafa a 2001.

Sai dai Hajiya, da zan tsaya a nan da na rage miki zance. Rashin ba da kuɗin kamfe bai fitar da AARP daga siyasa ba, tsundum take a ciki. Ƙungiyar da Ethel Percy Andrus, tsohuwar shugabar makarantar sakandare, ta kafa a 1958, yau tana da mambobi wajen miliyan 38, kuma dattawa sun fi kowa fita zaɓe. Ɗan majalisa ya san haka sarai. Tana kashe miliyoyin daloli duk shekara wajen kamun ƙafa a majalisa, ga tallace-tallace kan dokokin da take so ko take ƙi. Kuɗinki yana iya shiga nan.

Ni abin da ya sa ban yarda 'yar amshin shatar wata jam'iyya ba ce, kowane ɓangare ya taɓa jin haushinta. A 2003 ta mara wa dokar Shugaba George W. Bush baya, wadda ta shigar da kuɗin magani cikin Medicare. 'Yan Dimokurat suka fusata, har wasu mambobi suka ƙona katinsu. A 2005 ta juyo ta yaƙi shirin Bush ɗin na karkatar da wani kaso na kuɗin Social Security zuwa asusun hannun jari na ƙashin kai, shirin ya mutu. Da ta goyi bayan dokar lafiya ta Obama wadda aka sa wa hannu a 2010, sai 'yan Rifablikan suka yi mata ca, dubban mambobi suka fice. A 2022 kuma tana cikin waɗanda suka dage har aka ba Medicare ikon yin ciniki da kamfanonin magani, aka kuma ƙayyade kuɗin insulin a dala 35 a wata ga masu Medicare. Kin yi jinya, kin san me wannan yake nufi ga mai ciwon suga.

Inda nake da damuwa da ita daban ne. Abin da take samu daga kamfanonin da ke sayar da hajarsu da sunanta, musamman kamfanin inshora na UnitedHealthcare, ya fi kuɗin mambobi nesa ba kusa ba. Ƙungiyar da ke magana da yawun dattawa kan dokokin inshorar lafiya, alhali tana cin riba daga inshorar, dole a riƙa sa mata ido. In za ki tuhume ta, ki tuhume ta a kan wannan.

Surukin naki kuma, ki zaunar da shi cikin ruwan sanyi ku buɗe shafin FEC tare. Ku shiga sashen gudummawar ɗaiɗaikun mutane, ku rubuta AARP a gurbin wurin aiki. Sunayen mutane za su fito, kowa da abin da ya bayar da ranar da ya bayar.