Ga mai tambaya kan sauya layi da injin mararraba

Salamu alaikum. Ƙanena na Kuseri, sau biyu na karanta tambayarka, don kamar da bakina ka yi ta. Ka ce ƙaramin jirgin ƙasanka na wasa, mai tafiya da lantarki a kan tebur, yana tsayawa cak in ya hau mararraba, wato inda layi ke rabuwa biyu, sai ka tura shi da yatsa, tsohon layin da aka kawo maka daga Faransa ya yi baƙi, kana so ka tuge shi ka shimfiɗa sabo, ka kuma sa wa mararrabun injin da zai riƙa juya su amma ba ka san wanne ba. Kada ka fitar da ko dala tukuna. Bari ka ji yadda na ƙona huɗu a rana ɗaya.

Guda shida na yi oda, irin masu bobin biyu ɗin nan (bobin naɗin waya ne da ke zama maganaɗisu in wuta ta shiga) da ke buga harshen layi, wato ɓangaren da ke motsi ya sauya wa jirgi hanya, tas. Ɗan yayata da ke karatu a Faransa ya saya, aka ba wani mai zuwa Duwala, daga nan Yawunde, suka hau jirgin ƙasa na gaske zuwa Ngaundare, sannan mota ta kawo su Garwa. Wata huɗu ina jira. Da suka iso na ji tsoron haɗa wayar da kaina, na ɗauko wani mai gyaran rediyo a kasuwa. Ya kalli teburin ya yi dariya, ya ce shi da ya shekara ashirin yana buɗe talabijin, kayan wasan yara ne zai gagare shi? Ya je ya sayo makunnin fitila irin na bango ya jera mini shida. Na nuna masa takardar da ta zo da kayan, na ce an rubuta a taɓa a saki. Ya ce, "Alhaji, wannan wutar Turawa ake nufi, tamu daban." Ni kuma na yi shiru. Wannan shirun shi ne ke cina har yau.

Ranar ƙaramar Salla ce, yaran unguwa sun cika ɗakin da sababbin kaya, har maƙwabcina da ya daɗe yana ce mini na girma da wasa ya leƙo. Na danna na farko, tas, harshe ya juya, yara suka yi ihu. Na danna na biyu, na uku, na huɗu. Sai na fara jin ƙugi a ƙarƙashin tebur kamar zuma ta shiga tulu. Ban gane ba, ina ta washe baki. Wata jikata ce ta ce, "Kaka, wani abu na ƙauri." Kafin in zare filogi hayaƙi ya taso ta tsakanin layi. Robar bobin ta narke, biyu daga ciki har sun lanƙwasa sandar da ke riƙe harsunan, mararraba biyu suka tafi tare da su. Maƙwabcin nan bai ce komai ba, ya sa takalmansa ya fita. Da ma zagina ya yi. Washegari na koma wurin mai gyaran, ya ce wutar gari ce ta yi yawa, ya kuma tambaye ni cikon kuɗin aikinsa. Wallahi ya tambaya. Har yanzu in zan wuce rumfarsa sai in canza hanya.

Abin da ya faru ba wani asiri ba ne. Mai bobin yana zuƙar wuta da yawa, na ƙiftawar ido aka yi shi. In wutar ta zauna a kansa sai ya gasu. Maɓallin da ke komawa da kansa yake so, irin na ƙararrawar ƙofa, biyu ga kowace mararraba. Kuma ka sa CDU tsakaninsa da taransifoma mai volt 16. Kondansa ce kawai ke tara wuta ta sake ta bugu ɗaya, ko yaro ya danne maɓalli ya manta bobin ba zai ƙone ba. Da ita na fara, da ban rubuta wannan dogon labari ba.

Injuna masu juyawa a hankali irin Tortoise da Cobalt ba su da wannan matsala, an yi su ne wuta ta zauna a kansu, kuma suna da makunni a ciki da zai ba zuciyar mararraba, wato inda layuka biyu ke gittawa, wuta. Sai dai tsada, kuma Tortoise yana cin wuri a ƙarƙashin tebur, kusan santimita 8. Ni yanzu ƙananan injunan servo SG90 nake sawa da Arduino, ɗan allon kwamfuta mai sarrafa su, volt 5, cajar waya ta ishe su. Aibinsu ɗaya, suna zabura in an kawo wuta, ka kuwa san yadda ake ɗauke mana ita. Na saba kashe nawa da zarar fanka ta tsaya.

Maganar tsayawar jirgi kuwa, inji ba zai magance ta ba, kada ka ruɗi kanka. Duba zuciyar mararrabar. In roba ce, ƙaramin kan jirgi mai ƙafa huɗu yana rasa wuta a nan. Mai zuciyar ƙarfe, wadda kamfanin Peco ke kira Electrofrog, ta fi, amma dole ka sa mahaɗin roba a layuka biyun da suka fito daga zuciyar, in ba haka ba wuta ta haɗu. Kuma kada ka dogara da mahaɗan ƙarfe su kai wuta, ƙurar hunturu tana shiga cikinsu. Kowane tsinken layi ka liƙa masa 'yar waya da dalma zuwa babbar waya a ƙasa. Aiki ne mai cin rai, na yi mako uku a kwance ƙarƙashin tebur, uwargida ta ce ko can zan koma da kwana.

Kafin ka tuge tsohon layin, kawo maganaɗisu kusa da shi. In ya kama, baƙin ƙarfe ne, damina ɗaya zai yi tsatsa, rabu da shi. In bai kama ba kuma fari ne, nikel silba ne, goge shi da tsumma da alkol na famasi ka ga ikon Allah. Ban da sanfefa, tana barin zane, datti ya samu wurin zama.

In sabon za ka saya, dubi ƙafafun jiragenka tukuna. Tsofaffin jiragen kamfanonin Jouef da Lima bakin ƙafarsu dogo ne. A kan siririn layi, wanda ake kira code 75 (code lambar tsayin layi ce), za ka ji suna karo da maɗaurin layi, kar-kar-kar. Code 100 ya fi tsayi, milimita 2.5 ne, shi ne namu masu kayan gwanjo. Ba shi da kyan gani kamar siririn, na yarda. Ni da ma raina yana kan layi mai faɗin milimita 12, don a ma'aunin ƙananan jirage da ake kira HO shi ne daidai da layinmu na Kamaru mai faɗin mita ɗaya. Tun ina yaro da aka kai ni tashar Ngaundare, wadda layi ya iso a 1974, nake son in gina ta a ɗaki. Kuɗi ne suka ce a'a. Ku na bakin Cadi ma da ba ku da reluwe ko taku ɗaya, ban san me ya ja ku cikin wannan wahala tamu ba.

Na kusa mantawa da zafi. Kada ka matse layi baki da baki. Na shimfiɗa nawa a Disamba da sanyi, a Afrilu ƙarƙashin kwano ya miƙe ya yi ƙusumbi kamar maciji. Bar tazara kaurin katin waya a kowane mahaɗi. Katakon ma ka shafe shi da fenti ciki da baya, yana kumbura da damina ya tsuke da rani, ya ja layin tare da shi. Kuseri ba ta fi Garwa sanyi ba.

Ka fara da mararraba ɗaya tak, ka bar ta ta yi wata guda tana aiki. Turo mana hoton ƙafafun kan jirginka da na zuciyar mararrabar daga kusa. Biyun da suka tsira daga hannun mutumin nan suna nan cikin gwangwanin madara, in ka samu mai zuwa Garwa ya karɓar maka.