Tambaya da Amsa: In riƙa hawan Charger ta 1969, ko in kulle ta a gareji?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni mazaunin jihar Ohio ne a Amurka, kuma bara na sayi mota ƙirar Dodge Charger R/T ta 1969 daga hannun wani dattijo maƙwabcina wanda ya daina tuƙi. Injinta na asali ne, samfurin 440, mitar tafiya tana nuna mil 60,000 da 'yan kai, an kuma taɓa sake mata fenti tun da daɗewa. Abokaina sun rabu biyu: wasu na cewa in lulluɓe ta in ajiye domin kuɗinta hauhawa yake yi, wasu na cewa mota don hawa aka ƙera ta. Uwargida kuma ta ce ba ta ga amfanin abin da ya cinye gareji alhali ba a zuwa ko'ina da shi ba. Mene ne shawararku? Daga wani mai karatu a Ohio.

AMSA: Wa alaikumus salam. Malam, shawarata ita ce ka hau motarka, amma ka hau ta da tsari, domin ba ta cikin 'yan tsirarun motocin da kowane mil yake zaftare musu daraja, kuma zaman wuri ɗaya yana yi wa irin wannan mota ɓarnar da mutane ba su cika lura da ita ba sai ta yi nisa.

Abokanka masu cewa a ajiye suna da hujja. Zamanin waɗannan motoci gajere ne. Yawanci ana ƙirga shi daga 1964, lokacin da Pontiac ya fito da GTO, watau mota matsakaiciya da aka ɗora wa babban inji mai silinda takwas, zuwa farkon shekarun 1970, lokacin da tsadar inshora, da dokar tsaftar iska ta 1970, da rikicin man fetur na 1973 suka haɗu suka karya kasuwar. Abin da aka daina ƙerawa kuma yake ƙara ƙaranci dole ya yi tsada. Sai dai kuɗin da ake ji a wuraren gwanjo, irin na Barrett-Jackson a Scottsdale da na Mecum a Kissimmee, galibi na wasu motoci ne daban. Plymouth Hemi 'Cuda ta 1971 mai buɗaɗɗen rufi da aka sayar dala miliyan 3.5 a birnin Seattle a 2014 ta kai haka ne saboda irinta da aka ƙera a shekarar ba su wuce dozin guda ba. Ko a dangin taka motar, Charger Daytona mai dogon hanci da fiffike a baya kimanin 500 kawai aka yi, masu injin 426 Hemi su ma ba su da yawa. R/T mai injin 440 kuwa dubbai aka ƙera. Mota ce mai daraja ƙwarai, injinta lita 7.2 ne mai ƙarfin doki 375, amma ba ita kaɗai ta rage ba.

Motar da ta cancanci a killace ita ce wadda fentinta, da kujerunta, da shimfiɗar ƙasanta duk na masana'anta ne, tafiyarta kuma kaɗan ce ƙwarai tare da takardun da suka tabbatar da hakan. Taka an riga an sake mata fenti, ta kuma yi tafiya mai yawa, don haka mai saye ba zai bambanta mil 60,000 da mil 65,000 da wani kuɗin kirki ba. Ka sani ma cewa mitar motocin wancan zamani gurbi biyar gare ta, idan ta kai 99,999 sai ta koma sifili, shi ya sa masana suke fifita takardun gyara da yanayin motar a kan abin da mita ta nuna. Kasuwar ita ma ba hawa kawai take yi ba. Farashin waɗannan motoci ya faɗi sosai bayan rikicin tattalin arziki na 2008, kuma wanda ya biya inshora da kuɗin ajiya shekara da shekaru ba lallai ne ya ga ribar da ake yi masa kwaɗayi ba.

Yanzu ga abin da zama yake yi wa mota, wanda shi ne ya fi rinjayar da ni. Yawancin fetur da ake sayarwa a Amurka yana ɗauke da sinadarin etanol kashi 10 cikin 100, shi kuwa yana janyo danshi, yana kuma cin tsofaffin robobin da ba a yi su dominsa ba. Idan ya daɗe a tanki sai ya tsufa ya bar wani danƙo mai launin ruwan zuma a cikin kafireta, ya toshe 'yan ƙananan ramukan da mai yake bi, ruwan da ya tara kuma ya fara cin tankin daga ciki. Man birki ma yana shan danshi, sai silindojin birki su yi tsatsa su ƙage ko su fara yoyo. Robobin da ke tare baƙin mai a inji da giya suna bushewa idan mai bai zagaya su ba, shi ya sa za ka ga motar da ta shekara biyu a lulluɓe tana ɗigar mai a ƙasa ranar da aka tashe ta. Taya tana lanƙwasawa ta gefen da ta zauna a kai, batir ya mutu, ɓera kuma ya samu ɗaki a bayan kujera ya yi ta gurgurar waya. Ingarman da aka bari a turke ba kilisa ba a ce an adana shi ba. Tashin inji na minti biyar a gareji, wanda da yawa suke ɗauka kulawa ce, ya fi cutarwa, domin injin ba ya yin zafin da zai ƙone raɓar da ta taru a cikin baƙin mai da salansa. Abin da ake so shi ne a fita da ita a yi tafiyar rabin sa'a ko fiye, har komai ya ɗau zafi sosai.

A Ohio babban abokin gabanka gishiri ne, ba yawan tafiya ba. Jihar tana zuba gishiri a tituna duk lokacin dusar ƙanƙara, har ma a Cleveland akwai ma'adinar gishiri a ƙarƙashin tafkin Erie. Bodin Charger haɗe yake da ƙashin motar, don haka tsatsa idan ta kama ba fuska kawai take ɓatawa ba, ƙarfin motar take ci. Ka sa mai gyaran bodi ya ɗaga ta ya duba ƙasan but, da gefunan baya a bayan taya, da ƙasan gilashin baya inda ruwa yake kwanciya. Daga ranar da aka fara zuba gishiri ka rufe ta, da tanki cike da mai da maganin hana shi tsufa, batir kuma a kan caja mai kula da shi, kada ka fito da ita sai ruwan bazara ya wanke titi.

Kafin ka fara yawo, birki da taya su ne farko. Da yawa daga cikin waɗannan motoci birkin ganga ne a duka ƙafafu huɗu, wanda yake yin sanyin kamu idan ya yi zafi, babu jakar iska, babu na'urar hana taya ƙagewa, ga inji mai iya juya bayan motar idan aka taka totur a kan jiƙaƙƙen titi. Ka duba lambobi huɗu na ƙarshe a rubutun da ya fara da haruffan DOT a gefen taya: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta. Taya mai shekara goma ba ta da amana ko da zanenta bai ci ba. Idan ka ga dama ka sauya birkin gaba zuwa na faifai, ban ga laifinsa ba, da sharaɗin ka adana tsofaffin kayan a akwati domin a iya mayar da su. An ƙera injin ne don fetur mai darma, wanda aka hana sayarwa ga motocin titi a Amurka tun 1996, saboda haka ka riƙa sa mai mafi inganci, marar etanol idan ka samu, ka kuma nemi baƙin mai mai isasshen sinadarin zinc wanda tsofaffin injuna suke buƙata.

Abin da ba shi da madadi a motar nan shi ne gangar injin, domin an buga wani ɓangare na lambar shaidar da masana'anta ta bai wa motar a jikinta, kuma dacewar lambobin nan biyu tana daga cikin abin da masu saye suke biya. Fenti ana sakewa, kujera ana ɗinkewa, amma gangar da ta tsage saboda zafi ko tsere ta tafi ke nan. Don haka ka kula da lagireto, idonka yana kan allurar zafi, ka kuma ƙyale matasan da za su matsa maka ku yi tsere a bakin danja.

Ka nemi inshorar tsofaffin motoci, irin ta kamfanoni kamar Hagerty, inda ake amincewa da ƙimar motar tun farko. Yawanci za su buƙaci ka ajiye ta a rufaffen wuri kuma kana da wata motar ta zuwa aiki. Lambar motocin tarihi da Ohio take bayarwa ga motar da ta kai shekara 25 tana da sauƙin kuɗi, amma ta taƙaita hawa ga baje koli, da jerin gwano, da harkokin ƙungiya, don haka idan kana son fita da uwargida duk Asabar ɗin da rana ta yi kyau, lamba ta yau da kullum ta fi maka. Sannan ka koma wajen dattijon nan tun yana iya tunawa, ka karɓi duk rasit da hoton da yake da su, ka ɗauki hoton ƙaramin farantin ƙarfen da ke cikin ɗakin inji ta gefen direba mai ɗauke da bayanan masana'anta, ka kuma sa a ɗaga kujerar baya a hankali, domin a motocin Chrysler, kamfanin da yake ƙera Dodge, na lokacin a kan samu takardar haɗa motar maƙale a cikin wayoyin kujera.