Kafin ka ɓalle bayan waya, ka fara sanin wa ke shan cajin

Ka tambaye ni batun wayar Hajiyar nan da ka sa wa sabon batir, ta dawo tana cewa kafin azahar caji ya ƙare, wai ko ka ɗora mata manhajar share-share, ka kuma koya mata ta riƙa goge duk abin da ke buɗe a baya. Kada ka yi ko ɗaya. Ni ma ina da tambaya: wa ya ce maka batirinta na farko ya mutu? Ka auna? Ba ka auna ba. Ta ce waya na shan caji, kai kuma har hannunka na rawa ka ɗauko abin ɓalle murfi, don ka san a canjin batir ake samun na shayi. Haka kuke, yaran yanzu. Wata shida a gindin tebur, mutum ya fara jin ya isa a kira shi injiniya, alhali ko mita bai iya riƙewa daidai ba.

Wannan goge-gogen da kuke koya wa mutane, aikin da ne. Tun 2015, da Android 6 ta fito da tsarin Doze, waya ke kwantar da manhajojinta da kanta idan an ajiye ta ba a taɓawa. A 2017 Android 8 ta ƙara ɗaure masu aiki a ɓoye, a 2018 Android 9 ta fara lura da waɗanda mai waya ya fi buɗewa, tana rage wa sauran rabonsu. Abin da kake gani jere a baya, yawancinsa a kwance yake, ba ya cin komai. In ka goge shi, bayan minti biyar mai waya ya sake buɗewa, sai wayar ta tayar da shi tun daga tushe, wannan tayarwar kuwa ta fi barinsa a kwance cin wuta. Manhajar share-share kuma ita kanta ba ta barci, ga talla tana jawowa da datar mutum. Ka ɗauki maigadi ke nan wanda cinsa ya fi abin da ɓarawo ke ɗauka.

Yadda ake shiga setin a duba abin da ya fi shan caji, ba zan ɓata bakina a kai ba, ɗan firamare ma ya sani. Zauna ka ji abin da ya sa tambayarka ta tayar mini da ɓacin rai.

A 2021 ne, lokacin da gwamnatin tarayya ta rufe Twitter, daga watan Yuni har zuwa Janairun shekarar da ta biyo baya. Kowa a garin nan ya ɗora VPN na kyauta, wato manhajar zagaye toshewar, har wanda bai taɓa rubuta komai a Twitter ba. Wayoyi suka riƙa zuwa mana da zafi kamar an ciro su daga aljihun mai gashi. Cikin masu zuwa har da wani bawan Allah, shadda tana ɗaukar ido, makullin mota a yatsa, turare ya riga shi isowa. Ya ajiye babbar waya a teburina, irin wadda ba a ɓalle bayanta sai an gasa gam. Ya ce, “Malam, an ce duk layin nan kai ne gwani. Batir nake so ka canza mini, orijinal, ko nawa ne.”

Ni ba na canza abin da ban tabbatar ya mutu ba. Na buɗe a gabansa, na duba batirin: shafe yake, bai kumbura ba, ba tabo, mita ta nuna ƙarfinsa daidai. Na cire shi na jona wayar da fawa saflai, na'urar da ke ba ta wuta a madadin batir, allurarta na nuna abin da take ja. A kashe, allura ba ta motsa ba, wato inji ba ya yoyon wuta. Na kunna, na bar ta ta gama tashi, na kashe sikirin na naɗe hannu. Lafiyayyar waya in ta kwanta, abin da take ja yakan sauko ƙasa sosai, 'yan miliamfa kaɗan, sai can ta ɗan zabura ta koma. Tasa ta ƙi sauka. Na ɗora bayan yatsa a kan injin, zafin yana sama wajen ƙwaƙwalwar wayar, gurbin batir kuwa sanyi ƙalau. Na mayar da ita sef mod, inda manhajojin da mutum ya ɗora da hannunsa ba sa tashi. Nan take allura ta faɗo. To me ya rage? Na nuna masa da idonsa: VPN a kunne dare da rana, ga WhatsApp ɗin nan na bogi da kuke tura wa junanku saboda karanta saƙon da aka goge, ga wata manhaja da ba ta da ko hoto a fuskar waya, amma an ba ta izinin lokeshan da izinin mai kula da waya, yadda ba ta goguwa ta hanyar da aka saba.

Na ce, “Alhaji, batirinka lafiya lau. Ka bar kuɗinka a aljihu. Waɗannan ukun za mu cire, ka biya ni kuɗin dubawa kawai.” Ka ji fa, ni da bakina na hana kaina ciniki. Ya ce a'a, harkokinsa duk a cikinsu suke, kada in taɓa masa komai, shi dai batir. Na maimaita masa cewa ko batirin mota na ɗaura mata, haka za ta shanye shi. Ya yi dariya ya ce shi ya ji ya gani.

A lokacin orijinal ɗin wannan wayar sai an sa an kawo. Na zare kuɗina na biya dila, kuɗin da a wannan shekarar ya isa cefanen gidana na mako da mako. Na sa masa, na share tsohon gam tas, na shimfiɗa sabo, na danne da matsi har ya kama. Ya ba ni rabin kuɗi, ya ce ragowar zai turo da yamma. Ya kuma ce in ba shi tsohon batirinsa, ai kayansa ne. Na naɗe masa a leda. Mutum mai wannan kamala, mai ambaton Allah a kowace jimla, wa zai ce masa kawo shaida?

Yamma ta yi shiru, gobe shiru. Sai ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, lokacin da layi ya cika maƙil, ya zaɓa ya dawo. Tun daga bakin layi ake jin muryarsa: an cuce shi, an sa masa jabu, waya ta kusa fashewa a aljihunsa. Ya dangwarar da ita a teburina, bayanta ya ɗage, batir ya kumbura ya turo murfi. Ina ɗagawa na san ba aikina ba ne. An shafa wani baƙin gam a gefe, ya yi dumu-dumu, ni kuwa ban taɓa amfani da irinsa ba. Noti ɗaya babu, wani kuma an cinye masa kai. Batirin da ke ciki wani tsohon gajiyayye ne, rubutun jikinsa har ya koɗe. Ba wanda na saya ba ne, ba kuma nasa na asali ba.

Aka kai magana gaban dattawan layi. Na yi bayani dalla-dalla, na nuna gam, na nuna noti. Suka ce, “Mun san aikinka, mun yarda da kai. Amma ina alamar da ke nuna wanda ka sa ba wannan ba ne?” Babu. Rasit ɗina ya ce batir ɗaya, bai faɗi lambar jikinsa ba. Shi kuwa yana ta rantsuwa, jama'a sun yi da'ira, masu ɗauka a waya suna ɗauka. Aka ce a yi sulhu don mutuncin kasuwa: in sake sa masa wani orijinal, ragowar kuɗin kuma a bar shi. Na sake zare kuɗi na sayi na biyu. Ina ɗaura shi hannuna na rawa don takaici, yana tsaye a kaina yana danna ɗayar wayarsa.

Daga baya wani yaro daga can ƙarshen kasuwa ya zo ya same ni, kunya ta ishe shi. Ya ce shi aka kai wa wayar, aka biya shi ya cire sabon batirin ya sa mataccen da ke cikin kwalin shararsa, bai san inda za a kai maganar ba. Lissafa da kyau: mutumin nan ya tashi da batirinsa na asali mai lafiya, da orijinal na farko, da orijinal na biyu, duk a kan rabin kuɗin guda ɗaya. Kuɗin ma ba su ne suka fi ci mini rai ba. Akwai wani da ke kawo mini wayoyin ma'aikatan ofishinsu gaba ɗaya, yana cikin taron ranar, tun daga nan ban sake ganin ƙafarsa ba. Shekarun da na yi ina gina suna, mutum ɗaya ya zo ya yi wasa da su a yammaci guda. Har yau in na ji ƙamshin irin turarensa sai raina ya ɓaci. Na bar shi da Allah, amma ban yafe ba.

Shi ya sa kake ganin ina sa hannu da jan alƙalami a jikin duk batirin da ya fita daga shagon nan, in rubuta kwanan wata, in ɗauki hotonsa a cikin wayar kafin in rufe, lambarsa kuma ta hau rasit. Kuna yi mini dariya a bayan ido, kuna cewa Oga ya cika ƙa'ida. Na Hajiyar nan ka sa masa alama? Na san amsar.

In ta zo, ka auna a gabanta, ka bar ta ta ga allurar da idonta. Lissafin ba wuya: batir mai 5000 mAh, irin wanda ke cikin yawancin Tecno da Infinix na yanzu, in waya tana jan miliamfa 200 a kwance, cikin awa 25 ya ƙare ko ba a taɓa ta ba. In 20 take ja, awa 250 ne. Batir iri ɗaya, bambancin yana wajen abin da ya hana ta barci. In kuwa ka ga tana jan wuta alhali a kashe take, ka bar zargin manhaja, matsalar tana kan inji, kuma wannan ba aikinka ba ne tukuna, ka kawo mini.

In ka kama mai laifin, ba dole sai an goge ba. Ka taƙaita masa aikin ɓoye, ka hana shi tashi da kansa, lokeshan kuma ka mayar da shi sai lokacin da ake amfani da manhajar, wannan zaɓin yana nan tun Android 10. Facebook da TikTok da Instagram a nan ake rage musu ƙarfi. Wanda ba shi da hoto, ko ya karɓi izinin mai kula da waya ba dalili, ka fara ƙwace izinin sannan ka cire shi, amma sai da yardar mai waya. Ka faɗa mata abin da ka gani, ita za ta yanke.

Kuma ka tambaye ta inda take zaune. Kuna mantawa da sabis. Wayar da ke wurin da sabis ke da sanda ɗaya tana ƙara ƙarfi ne don ta kai ga eriya, ga layi biyu kowanne yana nasa neman. Da aka katse layukan waya a Zamfara a watan Satumban 2021, wayar da aka bari a kunne haka ta riƙa lalube tana ƙone caji a banza. Mai zama a irin wannan wuri, ka koya masa kashe layin da ba ya amfani da shi, ko ya sa yanayin jirgi in zai kwanta. Sai zafi. Batirin litiyam ba ya son abin da ya haura digiri 35, mu kuwa a watan Afrilu muna wuce 40 a inuwa, sannan mutum ya jona caji ya tura waya ƙarƙashin matashi yana kallo. Batir na gaskiya ma yana tsufa: na iPhone kafin 15, kamfanin da kansa ya ce bayan cikakken caji 500 ana sa ran saura kashi 80 cikin 100, kuma tun 2018 wayar na nuna wannan a setin. Wanda ya sauka ƙasa da haka, ko ya kumbura, ko waya ke mutuwa tana kashi talatin, shi ne na canzawa.

Abokanka masu haƙar kwabban intanet kuwa, waɗanda suka kwana suna dangwalar wasan Hamster Kombat a 2024, haske a ƙure, data a kunne, waya a jone, kada wanda ya zo mini da kukan manhajar baya. Sikirin ne ya cinye cajin, da yatsunsu.

Abu ɗaya da za ka kiyaye in kana taƙaitawa: kada zafin nama ya sa ka bi layi ka danne komai. WhatsApp na gaskiya, manhajar banki, ƙararrawar tashi da mai kiran salla, ka bar su su yi aikinsu. In ka ɗaure su, saƙo ba zai shigo ba sai an buɗe, mai POS ya tsaya yana jiran alat kwastoma na zaginsa, gobe kuma teburina zai zo, ba naka ba. Kuɗin batirin da ka sa wa Hajiya ba bisa ƙa'ida ba, in awo ya nuna na farkon lafiyarsa ƙalau, za a mayar mata da abinta, kuma daga kason ka na wannan makon za a cire.